Takwas Biyu a Wayar Lao Gan

A layin da ya gangara bakin kogin Muar, tsakanin mai sayar da magungunan saiwa da mai gyaran agogo, nan shagon Gan Eng Tiam yake. Lao Gan kowa ke ce masa, Tsoho Gan ke nan, kuma sunan ya kama shi tun gashinsa na baƙi. Sana'arsa allunan shaguna. In ka bi tsofaffin layukan garin kana ɗaga kai, rabin baƙaƙen allunan nan masu rubutun Sinanci na zinariya daga hannunsa suka fito. Shi ke rubutawa da buroshi, shi ke sassaƙawa, sannan ya tura wa ƙanwarsa Gek Lan katakon, ta bi ramin kowane harafi tana shimfiɗa fallen zinariya, tana riƙe numfashi don kada ya tashi.

Gek Lan ta dawo gidan wanta tana da shekara talatin da biyu, bayan mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Da matar Lao Gan ita ma ta rasu, sai rainon 'yarsa tilo, Sok Yin, ya koma hannunta. Don haka ranar da uba da 'ya suka ɓata, a gabanta aka yi, da zinariya manne a ɗan yatsanta.

Sok Yin ta yi karatun zane da kwamfuta a birnin Johor Bahru, ta dawo da magana ɗaya a bakinta, a sayi injin yanka haruffa. Uban ya ce rubutun inji ba shi da ƙashi. Suka yi ta ja, yau a yi dariya gobe a kwana ba magana, har ranar da wani mai buɗe sabon shagon taliya ya zo neman allo. An zaɓa masa ranar sa'a, saura kwana biyar. Lao Gan ya ce allo mako uku ne, ba ya raguwa. Mutumin ya juya zai fita, sai Sok Yin ta ce a gabansa, "Baba, in ka bari, ni zan sa a fitar masa a kwana biyu."

Lao Gan bai ɗaga murya ba. Ya ajiye buroshi ya ce, "A cikin shagon nan babu Baba. Akwai mai shago, akwai wadda ko tawada ba ta iya niƙawa ba."

"Na ji, mai shago," in ji ta.

Bayan mako guda ta haɗa jaka ɗaya ta tafi Singafo, inda wani kamfanin ɗab'i ya ɗauke ta. Ta rungume goggonta a bakin ƙofa. Uban yana ciki yana sassaƙa, tana jin bugun gudumarsa, ba ta leƙa ba, shi ma bai fito ba.

Shekara uku aka yi a haka. Duk Sabuwar Shekara tana zuwa ta kwana ɗaya, ta miƙa masa shayi da hannu biyu kamar yadda aka saba, ta kunna turare a gaban hoton uwarta. Amma magana sai ta bi ta bakin goggo. Suna zaune a tebur ɗaya za ta ce, Goggo, ki tambayi mai shago ko zai ƙara miya. Gek Lan ta gaji da zama gada tsakanin mutum biyu da ke iya taɓa juna in sun miƙa hannu, amma ta san jininsu. Taurin kan iri ɗaya ne, ita ma tana da nata kason.

A shekara ta huɗu jiri ya ɗebi Lao Gan a kan tsani yana rataya allo. Bai faɗi ba, ya rungume ginshiƙi har aka sauko da shi. Likita ya ce hawan jini ne. Gek Lan ta sanar da Sok Yin, kwana biyu tsakani sai ga ƙunshi ya iso daga Singafo, 'yar wayar hannu mai manyan maɓallai, babu ko takarda a ciki. Lao Gan ya jujjuya ta ya ce shi ba ya buƙata, ya jefa ta aljihun gaban riga, bai kuma sake fita ba ita ba.

Ranar Lahadi da hantsi wayar ta yi ƙara. Ya sa tabarau ya karanta. Saƙon gajere ne: "Ka sha maganinka. Kada ka sake hawa tsani. 88."

Ya daɗe yana kallon sa. Sai da suka zauna cin abincin rana ya turo wa Gek Lan wayar a kan tebur, ya nuna ƙarshen saƙon da tsinken cin abinci.

"Kin gani? Kunya ta hana ta rubuta shi da harafi, sai ta ɓoye shi a lamba."

Takwas a Sinanci ai "ba" ake cewa. Biyu a jere, ba ba. Lao Gan ya karanta abin da ya shekara uku yana jira ya ji.

Gek Lan kuwa ta san ba haka ba ne. Kullum da safe tana zuwa rawar motsa jiki da matan unguwa a lambun bakin kogi, kuma tun bara suka koma aika wa juna saƙo. Ta san matasa ne suka ga ba ba ɗin ya yi kama da bai-bai, suka mai da takwas biyu sallama, don ya fi saurin latsawa. Ko shugabar rawarsu, mai jikoki bakwai, da shi take rufe saƙo in ta ce gobe a zo da jar riga. Gek Lan ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta dubi fuskar wanta. Kunnuwansa sun yi ja kamar na yaron da aka yaba wa a aji. Ta cika bakin da shinkafa.

Amsa saƙo ya gagare shi. Mutumin da ya san haruffa dubbai a ka, wanda malaman makaranta ke kawo wa rubutu ya gyara musu, ba ya iya fitar da ko ɗaya a waya, don sai ka rubuta sautin harafi da boko kafin ya bayyana, shi kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka cire shi daga aji aka miƙa shi ga mai sassaƙa. Gek Lan ta ce ya faɗa ta rubuta masa, ya ce maganar uba da 'ya ba ta bi ta hannun wani. Ta kalle shi kawai, ta tuna shekara ukun da ta yi tana kai saƙon miya.

Amma ya amsa ta hanyarsa. Maganin da a da sai an yi faɗa yake sha, ya koma sha ba a ce masa ba. Ya ba maƙwabcinsa mai agogo tsanin kyauta. Ya fara 'yar waƙa a maƙogwaro in yana sassaƙa, abin da Gek Lan ta rabu da ji tun matarsa na da rai. Wata ranar Talata ta dawo daga kasuwa ta tarar ya kwashe tsofaffin katakan da ke kusurwar shago, kusa da soket, ya share wurin tas, ya sa tebur. Ta tambaye shi na mene ne, ya ce wuri ne dai, ya kamata shago ya sami wurin numfashi.

Duk Lahadi saƙo na zuwa. An yi ruwa a nan. Ka rage gishiri. Na ga hoton allon da ka yi wa haikali a jarida. Kowanne da takwas biyunsa a ƙarshe. Duk Litinin kuma sai ya kai wayar shagon gahawar da yake karyawa shekara talatin, ya karanta wa tsofaffin teburinsa, in ya zo ƙarshe ya ɗan sassauta murya ya ce "Baba," ya mai da waya aljihu. Tsofaffin nan ba mai waya a cikinsu. Suka yi ta gyaɗa kai suna cewa 'ya mace ai komai daɗewa zuciyarta na gida.

Sau biyu Gek Lan ta ɗauki waya za ta kira Sok Yin ta gaya mata, sau biyu tana ajiyewa. In ta faɗa, ko dai yarinyar ta daina sa lambar, tsoho ya ga an janye abin da aka ba shi, ko ta ci gaba da sawa don tausayi, wanda ya fi muni. Sai ta yi shiru, shirun yana cin ta. Wata huɗu aka yi.

Ranar da abin ya fashe tana wurin, don ta biyo shi shagon gahawa ta ci gasasshen burodi kafin ta wuce kasuwa. Kua mai tasi ne ya ja kujera ya zauna da su. Ba ɗan teburin ba ne sosai, yakan faɗo in ba fasinja, mutum ne mai ƙaton ciki da muryar da ake ji daga tsallaken titi, ba shi da mugunta, ba shi kuma da birki a baki. Lao Gan ya karanta saƙon makon, ya rufe da kalmarsa. Kua ya ce a ba shi ya gani. Ya duba, ya sake dubawa, sai cikinsa ya fara rawa tun kafin dariyar ta fito.

"Lao Gan, in haka ne ai ni na fi kowa 'ya'ya a garin nan." Ya zaro tasa wayar yana latsawa. "Ga wannan, fasinjana ne, ya girme ni da shekara goma. Ga mai facin taya. Ga matata, jiya ta aiko ni sayen kifi, ita ma ashe na haife ta ban sani ba. Bai-bai ne, dattijo. Sai an jima. Yaran nan ba su da lokacin rubuta sallama."

Teburin ya ɗauka. Ba dariyar ƙeta ba ce, amma dariya ce, har mai shagon ya leƙo daga bayan tukunyarsa. Gek Lan ta ajiye burodin. Ta san wanta. Ta taɓa ganin ya shekara bai gaisa da mutum ba don ya ce wani harafinsa ya karkace. Ta fara tattara jakarta don ta bi shi in ya tashi.

Bai tashi ba. Ya zauna hannunsa a kan kofi, fuskarsa ba ta nuna komai. Da dariyar ta lafa, ya miƙa hannu ya ce Kua ya ara masa wayar. Ya gyara tabarau yana bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda yake duba katako kafin ya saya. Can ya tsaya.

"Wannan fa? Takwas, takwas, shida. Shidan me yake yi a nan?"

Kua ya share hawayen dariya ya ce wannan ɗan wutsiya ne, kamar ka ce bai-bai ke nan, an gama. Lao Gan ya faɗi lambobin a fili, ba ba liu, ya sake faɗa da sauri, ya karkata kai yana sauraren bakinsa. Sai ga murmushi, na gaske, har da haƙoran gefe.

"Wanda ya fara wannan yana da kunne," in ji shi.

Ya zare fensirin da ke bayan kunnensa, ya jawo takardar goge baki, ya ce Kua ya ƙaro. Kua, da ya zo da shirin tsokana, ya sami kansa yana ba da karatu. Biyar uku a jere kuka ne, wu wu wu. Tara huɗu tara huɗu, haka ne haka ne. Lao Gan yana rubutawa, yana gwada kowanne a baki, wanda ya zauna daidai ya buga tebur da yatsa, wanda aka ja shi da ƙarfi ya ce wannan malalaci ne ya ƙirƙira. Sannan ya juya ga tsofaffin ya ce musu kada su raina abin. Mutanen da, in sun rasa hoton da za su zana wa wata kalma, harafin da ke da sautinta suke arowa su ɗora mata, kuma da yawa cikin haruffan da yake sassaƙawa yau da zinariya ta haka suka samu. Yaran nan sun tarar da maɓalli goma kacal a hannunsu, suka yi abin da kakanni suka yi. Ya ce shi a ganinsa jikokin ƙwarai ne.

Wani tsoho ya ce, to, batun 'yarka fa? Lao Gan ya ninke takardar ya sa aljihu.

"Wannan nawa ne. Ku yi dariyarku, na ci a yi mini. Wata huɗu ina cin kwanon da ba ni aka zuba wa ba."

Suka fito tare, Gek Lan ta fasa kasuwar. Sun wuce shago uku kafin ya yi magana, bai kuma dube ta ba.

"Kin sani?"

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ta jira faɗa. Suka gama layin, suka karya kwana, iskar kogi ta bugo su da ƙarnin kifi. Sai ya ce mata ya gode, ya san ba sauƙi ta ji ba. Ya ce ranar da yarinyar nan ta bar gida ko sallama ba ta yi masa ba, yanzu kuwa duk Lahadi tana yi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, ba zai raina ba. Abin da ke ba shi kunya daban ne. Ya zauna wata huɗu yana jin daɗin an yafe masa, alhali bai taɓa buɗe baki ya nema ba. Har tebur ya share yana jira ta dawo ta same shi a zaune.

Gek Lan ta shekara sittin ba ɗaya tana ƙanwar mutumin nan, ba ta taɓa jin ya ce ya yi kuskure a kan wani abu da ya wuce awon katako ba. Ta rage tafiya ta bar shi ya ɗan yi gaba, tana kallon bayansa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda guduma. Ba ta san lokacin da ta fara share ido da bakin hannun riga ba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya niƙa tawada da kansa, ya shimfiɗa takarda mai kyau, ya rubuta wasiƙa. Ta farko ya ce ta yi tsawo, ta biyu ya ce ta cika kare kai, ta uku ya ajiye ta bushe. Gek Lan ta ce ta kai gidan waya, ya ce a'a, maganar da aka faɗa a gaban mutum a gabansa ake janye ta. Da suka duba fasfonsa sai suka ga ya mutu tun shekara shida, aka ɗauki mako ana sabuntawa. A cikin makon wani saƙon ya shigo. Ya karanta a fili, da ya zo ƙarshe ya ce "bai-bai," daidai yadda ake nufi, ya gyaɗa wa wayar kai.

Suka hau bas ɗin safe ranar Alhamis, da ƙunshin gasasshen kifin da ake naɗewa a ganye irin na Muar da Sok Yin ke so tun tana ƙarama. Layin kan gadar iyakar Singafo ya yi tsawo, Lao Gan ya tsaya a ciki da wasiƙar a cikin kwali a ƙirjinsa don kada ta lanƙwashe. Sai da suka iso ƙasan ginin da take aiki, wajen sha biyu da rabi, Gek Lan ta aika mata cewa suna wurin cin abinci na ƙasa.

Sok Yin ta sauko a guje, katin aiki na lilo a wuyanta. Ta ɗauka asibiti aka turo shi. Ta tsaya tana duban fuskarsa, tana tambayar goggonta me likita ya ce. Lao Gan ya ce ta zauna, lafiyarsa ƙalau, labari ya kawo mata na wani tsohon wawa.

Ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage komai ba. Ya kwaikwayi yadda yake sassauta murya a shagon gahawa, ya kwaikwayi cikin Kua yana rawa, ya faɗi batun mai facin taya. Sok Yin ta fara dariya ba ta so ba, ta rufe baki da hannu. Da ya zo kan tsanin da ya bayar da teburin da ya share kusa da soket, dariyar ta tsaya. Ta juya ga Gek Lan.

"Wata huɗu, Goggo? Kina kallo?"

"Ina kallo. Da ke da shi wa ke jin magana?"

Lao Gan ya ciro wasiƙar daga kwali ya ajiye a gabanta da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

"Ah Yin, 'yata, ni na hana ki kira ni Baba, a gaban baƙo kuma. Gaskiya kika faɗa ranar, ni ne na ji zafinta. Ban zo in karɓi komai ba. Na zo in ɗauke maganata daga kanki, abin da kika ga dama ki kira ni bayan haka, naki ne."

Ba ta buɗe wasiƙar nan take ba. Ta ɗora tafin hannu a kanta tana kallon masu layin sayen shinkafa da kaza. Can ta ce a saƙo na farko da na biyu lambar sallama ce kawai, yadda take yi wa kowa. A na uku ne ta latsa, ta duba, ta ga yadda zai iya karantawa. Ta sa yatsa za ta goge, ta yi minti biyar a haka, sai ta tura. Ta ce in ya tambaye ta me take nufi daga ranar, ita ma ba za ta iya rantsewa ba.

Ya ce ba zai tambaya ba. Ya kwance ƙunshin kifin, ya ce ta ci tun bai yi sanyi da yawa ba, ya sha hanya.

Bayan sun ci ta nemi izinin shugabanta ta hau da su sama. Gek Lan ta zaci wanta zai tsaya daga bakin ƙofa yana taɓe baki. Ina, har gaban injin yanka haruffa ya je ya tsuguna, yana bin 'yar wuƙar da ido tana yawo a kan jar roba, tana karya kwana ba ta ko girgiza. Ya ce wannan wuƙar hannunta ya fi nasa tsayuwa, ko yana saurayi bai kai ta ba, rubutun da ake ba ta ne dai kamar an dafa shi ya wuce. Ya miƙa yatsa zai taɓa.

"Baba, kada ka sa hannu, tana yanka."

Ya janye hannun. Babu wanda ya dubi wani. Gek Lan ta sami kanta tana karanta wata sanarwar kashe gobara a bango da matuƙar kulawa.

Sok Yin ta buɗe wasiƙar a lokacin, ta karanta a tsaye, ta juya musu baya na ɗan lokaci. Da ta juyo sai ta ɗauki shafin farko ta kifa a kan na'urar ɗaukar hoton takarda, ta latsa, ta ja masa kujera. Harafin farko na sunanta ya cika fuskar kwamfuta, ya fi kan mutum girma. Ana ganin inda buroshin ya sauka da nauyi, inda ya juya, da inda tawada ta ƙare gashin ya rarrabu ya bar farare-fararen layuka. Shekara hamsin da biyar yana rubutu, bai taɓa ganin hannunsa haka ba. Ya matso da kujerar kusa. Sai ya nuna wata 'yar ƙugiya a ƙasan harafin ya ce a nan ya yi gaggawa, da ya san za a tona masa asiri haka da ya sake ta huɗu. Sannan ya tambaya, a hankali, ko wuƙar za ta iya bin wannan layin yadda yake, da rarrabuwar gashin da komai. Ta ce za ta iya. Ya ce to a gwada ya gani.

Sok Yin ba ta koma Muar da zama ba. Tana son aikinta, uban kuma bai roƙe ta ba. Abin da aka yi shi ne, in mai gaggawa ya zo shago, Lao Gan ya rubuta masa sunan a takarda, a aika mata, ta yanko a roba a turo cikin kwana uku. Mai son katako da zinariya kuwa har yau mako uku ne, ba ya raguwa. Faɗa bai ƙare ba. Yakan ce ta matse haruffa kamar fasinjan bas, ita ta ce shi yana barin fili kamar zai shuka rogo a tsakani. Sai dai yanzu kai tsaye suke yi, a waya, Gek Lan na gefe tana aikinta.

Ƙungiyar 'yan kasuwar garin tana da ajin Asabar da yamma inda ake koya wa manya rubuta sautin haruffa da boko. Lao Gan ya sa sunansa. Shi kaɗai ne namiji cikin mata goma sha ɗaya, kuma malamar tana cikin masu kawo masa rubutu a da ya gyara, har ta rasa yadda za ta ce masa ya yi kuskure. Ya ce ta faɗa kawai, a nan ita ce babba. Harshensa na gida, Hokkien, wanda ba shi ake koyarwa a ajin ba, ya yi ta ba shi wahala, sautin da yake ji ba shi ne littafi ke so ba, ya latsa abu wani harafi daban ya fito yana kallon sa. Bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, har ranar da ruwa ya cika layin ya je da wando a naɗe.

Wata biyu da farawa, wata Lahadi bayan abincin rana, ya zauna a bakin shago da wayar, tabarau a kan hanci, harshe a gefen baki. Minti arba'in ya yi. Gek Lan na wanke kwanuka sai ga Sok Yin ta kira ta, tana dariya har numfashinta na sarƙewa, tana tambaya yaushe Goggo ta fara ƙona abinci. Gek Lan ta fito da kumfa a hannu ta karɓi wayar wanta ta duba. Ya rubuta: "An yi ruwa. Goggonki ta ƙona shinkafa."

"Yaya, ni yaushe na ƙona shinkafa?"

"Dafawa na so in ce," in ji shi, yana karɓar abarsa. "Na nemi harafin har na gaji, wannan ne ya fito. Ki yi haƙuri zuwa Asabar, zan tambayi malama."